Wa ya soke jira? Martani ga masu wa'azin «yanzu-yanzu»

A gundumomin Magarya da Dungas, Disamba wata ne na lissafi. Gero ya shiga rumbu, an gama da wake da riɗi, hunturu ya sauko. Magidanci ya ƙirga damin da ya samu, ya san ko zai kai shi damina ko zai yanke masa a hanya, samari kuma sun soma ɗaure kayan cin rani. A daidai wannan lokaci ne Kiristocin yankin, waɗanda ba su da yawa, suke shiga makonni huɗu na shirin bikin haihuwar Yesu Almasihu, makonnin da ake kira «Avent» a Faransanci. Ma'anar makonnin nan duka tana cikin kalma guda, wato jira. Sai ga shi an wayi gari wani irin wa'azi ya ƙetaro iyaka, ya shiga wayoyin hannu da akwatunan talabijin, yana shelar cewa zamanin jira ya wuce: mai bangaskiya ta gaske, in ji masu wa'azin, ba ya talauci, ba ya ciwo, kuma ba ya jira. Ya ba da baiko yau, ya karɓi ninkinsa gobe. Ni kuwa ina cewa wannan koyarwa cin mutuncin manomin Dungas ce, kuma ta ci karo da bikin da take ikirarin shiryawa.

Mai karatu zai iya tambaya: me ya haɗa malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu, waɗanda galibinsu Musulmi ne, da gardamar cikin majami'a? Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba. Amma kalmomin da ake yi wa ɓarna a wannan gardama namu ne duka. Bangaskiya, tawali'u, dogara, haƙuri, babu wanda ya fi wani gādo a cikinsu. Haka ma mutanen da labarin ya ƙunsa. Zakariya da ɗansa Yahaya da Maryamu suna cikin babin farko na Linjilar Luka, suna kuma cikin sura ta 19 ta Alƙur'ani, surar da tarihin Musulunci ya ce Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi, sarkin Habasha Kirista. Daɗin daɗawa, cutar da nake magana a kanta ba ta san addini ba. Mai sayar da mu'ujiza da sunan baiko da mai sayar da laya da alkawarin kuɗin dare ɗaya, kasuwa guda suke ci.

Asalin lokacin

Duk malamin Faransanci ya san kuren da ɗalibai suke yi a nan. Sukan rubuta «avant», wato «kafin», alhali kuwa kalmar «Avent» ce, daga Latinanci «adventus», ma'ana zuwa ko isowa. Bambancin harafi ɗaya ne, amma ba ƙarami ba ne. «Kafin» lokaci ne da ake ƙosawa ya wuce. «Zuwa» kuwa yana nufin akwai wani mai tahowa, ba kai ka sa masa rana ba, abin da ke kanka shi ne share gida.

Lokacin yana farawa Lahadi ta huɗu kafin 25 ga Disamba, wato tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Tushensa azumi ne. A ƙarshen ƙarni na 5, Perpetuus, bishop na birnin Tur a ƙasar da ake kira Faransa yau, ya kafa azumin kwana uku a mako tun daga 11 ga Nuwamba har zuwa Kirsimeti, taron bishop-bishop na Makon ya ƙarfafa dokar a 581, daga baya ikilisiyar Roma ta tsayar da shi kan Lahadi huɗu. Har yanzu a majami'un Katolika, irin na Damagaram da ke ƙarƙashin Maraɗi tun da aka kafa yankin bishop na can a 2001, limami yakan sa tufa mai launin shunayya, launin tuba, a kuma ajiye waƙar ɗaukaka ta Lahadi sai daren biki. Ikilisiyoyin bishara da suka samo tushe daga mishan na SIM, wanda ya sauka Damagaram a 1924, ba duka suke bin wannan kalanda ba, amma nassoshin da suke karantawa a Disamba su ne dai: annabawan da suka jira, da Yahaya mai shela a jeji, da budurwar Nazarat. Ko ta ina aka duba, makonnin nan makaranta ce ta koyon ƙanƙan da kai.

Hajar da ta shigo

Koyarwar da nake ƙalubalanta ba a ƙasar Hausa aka haife ta ba. A Amurka ta yi ƙarfi bayan yaƙin duniya na biyu. Oral Roberts, mai wa'azi na birnin Tulsa, shi ya yaɗa ra'ayin cewa kuɗin da aka bai wa mai wa'azi iri ne da aka shuka, wanda dole ya dawo a ninke. Benson Idahosa na birnin Benin, wanda ya rasu a 1998, yana cikin waɗanda suka dasa ta a Nijeriya. Daga nan hanya ba ta da nisa. Tsakanin Magarya da Baɓura, ko tsakanin Dungas da kasuwar Maigatari, harshe ɗaya ne, aure ɗaya ne, kuma abin da ya shiga wayar ɗan cin rani a Kano ko Legas, da shi zai dawo gida.

Ba na ɗora wannan laifi a kan fastocin karkara, waɗanda da yawansu da hauya suke ciyar da iyalinsu kamar kowa. Hasali ma manyan malaman ikilisiyoyin bishara na Afirka sun rigaye ni. A taron da suka yi a Akropong ta ƙasar Gana a 2008 da 2009 sun fitar da sanarwa mai sukar wannan koyarwa, babban taron Lozan da aka yi a birnin Kef na Afirka ta Kudu a 2010 ya sake jaddada sukar. Sai dai sanarwa tana cikin takarda, wa'azin kuwa yana cikin aljihu. Kuma ko inda ba a karɓe shi da sunansa ba, ƙamshinsa ya kama tufafi: addu'a ta soma kama da umarni, shaida a majami'a ta koma jerin abin da aka saya, Kirsimeti ya zama ranar gwada wanda Allah ya fi so ta hanyar ɗinki da shinkafa.

A auna ta da mudun Magarya

Mu ɗauki koyarwar da muhimmanci, mu auna ta a inda muke. A ƙidayar 2012 gundumar Magarya tana da mutum fiye da 570,000, ta Dungas kuwa, wadda aka cire daga jikinta a 2011, fiye da 350,000. Mafi yawansu manoma ne a gonakin da gādo ya yi ta tsagawa har suka zama ƙanana. Sun ga yunwar 2005. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa a sashen yara na asibitin Magarya, a tsakiyar lokacin zazzaɓin cizon sauro da tamowa, ana rasa yara kimanin 10 kowace rana. Sun ga rufe iyakar Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sun kuma ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya sake datse hanya har cikin 2024.

To, sai mai wa'azin «yanzu-yanzu» ya zo ya gaya mana: uwar da ta fito daga wancan asibiti da zane babu goyo, bangaskiyarta ce ta gaza? Ɗan kasuwar da jarinsa ya narke don an rufe Tinkim, irin da ya shuka a majami'a ne bai kai ba? In ya ce i, ya ƙara wa mai makoki laifi a kan baƙin ciki. In ya ce a'a, ya rushe koyarwarsa da bakinsa. Wannan ita ce dabarar hajar: in abu ya yi kyau, mai wa'azi ya karɓi yabo, in ya ɓaci, mai bayarwa ya ɗauki zargi. Babu ɗan kasuwar Maigatari da zai yarda da ciniki irin wannan a kan akuya, amma ana so a yarda da shi a kan Allah.

Littafin da suke riƙe da shi ma bai goyi bayansu ba. Luka ya ba da labari cewa da aka kai jariri Yesu Haikali, hadayar da iyayensa suka miƙa tsuntsaye biyu ce. Wanda ya san babi na 12 na Littafin Firistoci ya san ma'anar wannan: ɗan rago doka ta nema, tsuntsaye biyu sassauci ne ga matar da ba ta da halin rago. Ashe matar da Kiristoci suke ɗauka abin koyi a bangaskiya, a layin matalauta ta tsaya. In dukiya ce ma'aunin bangaskiya, sai a ce ta Maryamu ba ta wuce kuɗin kurciya biyu ba. Wa zai iya furta haka? Haka nan babi na 8 na Ayyukan Manzanni ya adana sunan Saminu, mutumin Samariya da ya fito da kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa. Daga sunansa Faransanci ya samo kalmar «simonie», cinikin abin da ba na sayarwa ba.

Abin da harshe ya riga ya sani

Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, kalmomin da Kiristan Hausa yake addu'a da su suna ɗauke da amsar wannan gardama. «Bangaskiya» daga «ba da gaskiya» take. Kai ne kake bayarwa: ka miƙa wa wani amincewarka tun ba ka ga ƙarshen magana ba. Wanda ya ba da gaskiya ya kuma nemi rasit a hannu, bashi ya bayar.

«Tawali'u» Larabci ce, daga «tawādu'», saiwar da ke nufin ajiyewa ƙasa. Harafin «lādi» ne ya zama «l» a bakinmu, kamar yadda ya faru a «alƙali» da «alwala» da «farilla». Hausa tana da tata, «ƙasƙantar da kai», wadda ƙasa ke cikinta. Abin sha'awa, «humilité» ta Faransanci daga «humus» ta Latinanci take, wato ƙasar noma. Harsuna uku da ba su yi shawara da juna ba sun nuna wuri ɗaya. Mai tawali'u shi ne wanda ya san ba shi ke riƙe da ragamar lokaci ba. Zakariya ya nemi tabbaci, aka ɗaure masa harshe har ɗansa ya zo duniya. Maryamu ta yi tambaya, ta ji amsa, ta sa kanta matsayin baiwa, sannan ta yi abin da kowace mace a Gushi ko Malawa ta sani: ta ɗauki ciki wata tara. Babu baikon da ke rage wata tara.

«Dogara» kuwa kowa ya ga tsoho yana dogara sanda. Sanda ba ta tafiya a madadinsa, shi ma ba ya tafiya in babu ita.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Zan yi wa abokan gardamata adalci. Suna da hujja guda mai nauyi, kuma ita ce sirrin farin jininsu. Sukan ce: an daɗe ana gaya wa talaka ya yi haƙuri. Da haƙuri aka karɓi harajinsa a zamanin mulkin mallaka, da haƙuri ake sayen geronsa da arha a kaka a sayar masa da tsada a tsakiyar damina. Wanda ya ce masa Allah ba ya nufinsa da wahala, ya ɗaga kai, ai ya fi wanda ya ce masa ya zauna ya dafa dutse. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta. Akwai haƙurin da sunan lalaci ne, akwai kuma wanda masu iko suke rubuta wa na ƙasa kamar magani, su kuwa ba sa sha.

Amma jiran da ake koyarwa a waɗannan makonni ba shi ne wannan ba. A duba abin da Yahaya ya amsa wa masu tambayarsa a babi na 3 na Luka, nassin da ake karantawa a Lahadi ta uku. Mai riga biyu ya raba da marar riga. Mai karɓar haraji kada ya ƙara ko dala a kan abin da aka ƙayyade. Soja kada ya yi ƙwace, kada ya yi ƙazafi, albashinsa ya ishe shi. A karanta wannan da babbar murya a kowane shingen hanya tsakanin Damagaram da iyaka, a gani ko wa'azin barci ne. Waƙar Maryamu kanta maganar saukar da masu girman kai take yi da ƙosar da mayunwata. Mai wa'azin «yanzu-yanzu» ba ya taɓa tambayar dalilin da tiyar gero take ninka kuɗinta tsakanin kaka da damina. Ya bar azzalumi a inda yake, ya ce wa wanda aka zalunta ya ƙara baiko. Wane ne a cikinsu mai sa barci?

Manominmu ya fi su fahimtar tauhidin jira. Yakan yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, da sanin cewa zai iya yin asara ya sake shuka. Wasiƙar Yaƙub, wadda ita ma ake karantawa a wannan lokaci, da manomi mai jiran ruwan fari da na ƙarshe ta yi misali. Musulmi kuma ya san labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Irin manomi gero ne, ƙasa yake shiga, kuma manomi bai taɓa cewa sama ta ci bashinsa ba.

Ga kuma gawo. Bayan farin 1973 da na 1984, lokacin da masana da yawa suka yanke ƙauna ga Sahel, manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka riƙa barin tsiron itatuwa a gonakinsu, suna sassabe da lura, suna kare su daga gatari da dabba. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya kiyasta cewa fili kimanin hekta miliyan 1 ya sake rufuwa da itatuwa a wannan yanki, galibi gawo. Tun da can ma ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa wa mai saran gawo. Wanda ya bar tsiron gawo ya san sai bayan shekaru zai ga amfaninsa, watakila ma ɗansa ne zai gani. Itacen kansa malami ne: da damina, sa'ad da kowane tsiro ke nuna kansa, shi yakan zubar da ganye, ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki. Sai rani ya kama, komai ya bushe, sannan ya yi kore, ya ba dabba inuwa da abinci. A makonnin nan na Disamba, shi ne kore a gonakin Bande da Waca. Wannan jira ya canza fuskar ƙasa fiye da duk wani taron mu'ujiza da aka taɓa yi.

Tawali'u da tsoro

Saura kashedi guda, domin kada a ɗauki tawali'u a matsayin umarnin yin shiru ga ƴan tsiraru. Ranar 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram, aka ƙona majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, washegari wutar ta kai Yamai. Mutum 10 suka mutu a biranen biyu, Kiristoci da yawa a Damagaram suka fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. Shugabannin ikilisiyoyi sun yi kira ga gafara, ba a rama ba. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin tsoro bai fahimce shi ba. Mai tsoro yakan yi shiru don ba shi da zaɓi. Mai tawali'u yakan faɗi abin da aka yi masa, ya nemi haƙƙinsa a gaban hukuma, ya ƙi ƙiyayya, ya koma ya gaida maƙwabcinsa da safe. Koyarwar da ta ce mai bangaskiya ba ya shan wahala ba ta da abin da za ta gaya wa mutumin da ke tsaye a kan tokar majami'arsa. Koyarwar jariri a komin dabbobi tana da shi.

Abin da ya rage mana

Ga shugabannin ikilisiya, roƙona a fili yake. A bar makonnin nan su zama abin da aka kafa su dominsa. A faɗa daga bagade cewa baiko ba jari ba ne, a karanta wa jama'a lissafin abin da aka tara da inda ya tafi. In ana neman shaidar bangaskiya a Disamba, a neme ta a bankin cimaka na gari, a buhun da aka ajiye don gwauruwar da rumbunta zai ƙare tun bazara, ko ita Kirista ce ko Musulma.

Mu kuma malamai, kada mu yi kamar abin bai shafe mu ba. Ɗalibin da ya yarda cewa ana sayen albarka, gobe zai yarda ana sayen sakamakon jarrabawa, kuma wa'azin «yanzu-yanzu» yana da ƴan uwa a wajen majami'a: cacar ƙwallo a waya, da jarin bogi mai alkawarin ninka kuɗi cikin mako. Aikinmu kansa binne ne. Yaron da ya shiga ajin farko na kwaleji a bana, sai bayan shekara 7 zai zauna jarrabawar bakaloriya, in komai ya tafi daidai. Ƙungiyoyin al'adu suna da wasan kwaikwayo da gasar waƙa da filin rediyo. Su ɗauki kalmomin nan huɗu, bangaskiya da tawali'u da dogara da haƙuri, su sa matasa su yi muhawara a kansu da Hausa, a gayyaci fasto da liman da tsohon manomin da ya raini gawo, a ji wanda zai fi bayani.

Masu cewa jira ya ƙare suna da lasifika, suna da hotuna masu ƙyalli. Abin da ba su da shi shi ne amsa ga uwar da ta dawo daga asibiti hannu wofi. Har ranar da za su samo ta, su bar mana makonninmu huɗu.